Ɗakin Albarushi na Williamsburg

A tsakiyar garin Williamsburg da ke jihar Bajiniya ta ƙasar Amurka, akwai wani ƙaramin gini na jan bulo mai kusurwa takwas. Gwamna Alexander Spotswood ne ya sa aka gina shi a shekarar 1715, domin ajiye bindigogi da albarushin Turawan Ingila masu mulkin yankin.

Shekara sittin bayan haka ginin ya shiga tarihi. Cikin wani dare na watan Afrilun 1775, Gwamna Dunmore ya tura sojojin ruwa suka kwashe albarushin a asirce, don gudun kada ya faɗa hannun mutanen gari. Da gari ya waye jama'a suka harzuƙa. Patrick Henry ya ɗauro ɗamara da mayaƙan sa-kai, bai kuwa janye ba sai da aka biya fam 330. A watan Yuni gwamnan ya tsere daga fadarsa.

Daga bisani ginin ya zama kasuwa, da wurin ibada, har da bargar dawaki, kafin wata ƙungiyar adana kayan tarihi ta saye shi a 1889.

Da an rushe shi saboda ƙin jinin 'yan mulkin mallaka, da an shafe shaidar turjiyar da aka yi musu. Shi ya sa ya wajaba malami ya san darajar irin waɗannan gine-gine. Ɗalibin da ya tsaya gaban katangar da aka yi rikici a kanta ba zai manta da darasin ba, domin gani ya kori ji.