Stuttgart: Ziyara Zuwa Mahaifar Marsandi

Bahaushe ya ce suna linzami ne, kuma da wuya a sami sunan da ya ja zukatan masu mota a ƙasarmu kamar Marsandi. Tun muna yara, in aka ce Alhaji wane ya sayi Marsandi, an gama bayanin arzikinsa ke nan. Da tafiya ta kai ni Stuttgart, babban birnin jihar Baden-Württemberg a kudu maso yammacin Jamus, sai na ƙudura ba zan bar garin ba sai na ga inda wannan suna ya samo asali. Na kuma tafi da tambayar da ta daɗe tana yawo a garejojin Kano da Kaduna: me ya sa tsohuwar Marsandi take shekara talatin tana tafiya, amma masu ta zamani ba su rabuwa da ƙorafi?

Birnin yana zaune a cikin kwari, tuddai sun yi masa zobe, gonakin inabi sun hau jikinsu har kusa da gidajen mutane. Asalin sunansa daga makiyayar goɗiyoyi ne, shi ya sa har yau doki ne tambarin gari. Wato wurin da aka fara kiwon dawakin sarakuna shi ne ya zamo wurin da aka ƙera abin da ya sauke ɗan Adam daga kan doki.

Na fara da unguwar Bad Cannstatt, a gaɓar kogin Neckar. A gefen wani lambun shaƙatawa akwai ɗan ɗaki mai bangon gilashi, wanda bai fi shagon kafinta girma ba. Gottlieb Daimler ya sayi gidan da ɗakin yake ciki a 1882, shi da abokin aikinsa Wilhelm Maybach suka mayar da shi maƙera. Saboda tsananin ɓoye aikinsu, ana ba da labarin cewa mai kula da lambun ya zaci jabun kuɗi suke bugawa, har ya kawo 'yan sanda cikin dare, amma ba su tarar da komai ba sai ƙarafa da guntayen inji. A ɗakin nan aka haɗa ƙaramin inji mai saurin juyawa, wanda suka ɗora a kan keken katako a 1885. Tsayuwa a wurin ta tuna mini da maƙeran Panteka: teburin aiki, guduma, zarto da haƙuri.

A daidai wannan lokaci, can a Mannheim, wani mutum dabam mai suna Carl Benz yana nasa ƙoƙarin. Ranar 29 ga Janairun 1886 ya shigar da takardar neman haƙƙin mallakar wata mota mai taya uku, ranar da ake ɗauka a matsayin ranar haihuwar mota. Gudunta bai wuce kilomita 16 a awa ba, mutane kuma ba su yarda da ita ba. Matarsa Bertha ce ta kore shakkar. A watan Agustan 1888 ta ɗauki 'ya'yanta biyu matasa, ba tare da sanin maigidan ba, ta tuƙa motar zuwa Pforzheim, garin mahaifiyarta, tafiyar sama da kilomita 100. A hanya bututun mai ya toshe, ta zare tsinken hularta ta buɗe shi. Mai ya ƙare, ta tsaya a kantin magani a garin Wiesloch ta sayi wani sinadarin cire tabon tufafi ta zuba. Birki ya cinye, ta sa baduku ya manna masa fata. Da ta dawo ta ba mijinta shawarar ƙara giya saboda hawan tudu. Ashe ƙorafin mai mota tagwaye ne da motar kanta, kuma mai ƙorafin farko ita ce ta gyara ƙirar.

Sunan da muke kira Marsandi kuwa na wata yarinya ne, Mercédès, 'yar wani attajiri Emil Jellinek, wanda yake sayen motocin kamfanin Daimler yana sayarwa a kudancin Faransa. An yi wa sunan rajista a 1902. Tauraron nan mai tsini uku yana nufin injin da zai yi aiki a tudu da ruwa da sama. Kamfanonin biyu, na Daimler da na Benz, sun haɗe a 1926, lokacin da tattalin arzikin Jamus ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Daga Bad Cannstatt zuwa gidan tarihin kamfanin tafiya ce kaɗan. An buɗe ginin a 2006, dab da masana'antar Untertürkheim, hawa tara, yana ɗauke da motoci sama da 160. Na'urar hawa bene ce take kai baƙo can ƙololuwa, daga nan ya riƙa gangarowa yana zagaye, shekaru suna biye da shi. Abin da ya fara tarbar mutum a saman doki ne da aka cusa wa fatarsa kaya yana tsaye kamar mai rai. Daga nan sai motocin farko, sai motocin tsere masu launin azurfa, sai 300 SL ta 1954 mai ƙofofi da suke buɗewa sama kamar fukafukai, sai motar Fafaroma da ta Sarkin Japan. Ba su ɓoye baƙin shafin tarihinsu ba: a zamanin Hitler kamfanin ya ƙera kayan yaƙi, ya kuma yi amfani da dubban mutanen da aka tilasta wa aiki.

Dole a yi wa kamfanin adalci, domin ba a banza ya yi suna ba. Injiniyansa Béla Barényi ne ya fito da dabarar ƙera gaba da bayan mota yadda za su lanƙwashe su shanye ƙarfin karo, ɗakin fasinja ya tsira, aka kuma fara amfani da ita a 1959. A 1978 ya fito da birkin da ba ya kulle taya, tare da kamfanin Bosch, wanda shi ma ɗan Stuttgart ne. Jakar iska mai kare direba ta biyo baya a 1981. Duk wanda ya fita da ransa daga haɗarin mota a hanyar Kaduna zuwa Zariya, ko wace iri ce motar, akwai yiwuwar ya ci moriyar waɗannan dabaru.

Inda na fi daɗewa shi ne gaban motocin shekarun 1970. Ƙirar da ake kira W123, wadda aka yi daga 1976 zuwa 1986, an ƙera kimanin miliyan 2.7 nata, kuma ita ce ta dasa wa mutanenmu imanin cewa Marsandi ba ta mutuwa. Wani direban tasi a birnin Thessaloniki na ƙasar Girka ya yi kilomita miliyan 4.6 da wata 240D ta wannan zamani kafin ya miƙa ta ga kamfanin a 2004. Mu ma muna da namu tarihin da wannan tauraro. A cikin baƙar Marsandi aka harbe Janar Murtala Muhammad ranar 13 ga Fabrairun 1976, motar tana nan a gidan tarihi na Onikan a Legas. Babbar motar nan 911 ta yi shekaru tana jigilar hatsi da goro da shanu tsakanin Arewa da Kudu, kamfanin ANAMMCO na Inugu kuma ya fara haɗa manyan motocin Marsandi a farkon shekarun 1980. Sirrin waɗancan motoci shi ne sauƙin ƙira da kaurin ƙarfe. Bakanike mai sifana da kunne mai kyau yana iya gano ciwonsu a gindin bishiya.

To ina aka sami tangarɗa? Gidan tarihi ba wurin tallar aibi ba ne, amma labarin sananne ne. A 1989 kamfanin Toyota ya fito da Lexus, motar alfarma mai araha da ƙarko, ta girgiza kasuwar Amurka. Stuttgart ta ga dole ta rage kuɗin ƙira, ta yawaita nau'o'in motoci, ta hanzarta fitar da su. Sakamakon bai yi jinkiri ba. Masu wasu motocin farkon shekarun 1990 suka koka da wayoyin inji da rigarsu take ruguzowa saboda zafi. Masu E-Class ta 1995 suka koka da tsatsa. A Oktoban 1997 sabuwar ƙaramar A-Class ta kife a hannun 'yan jaridar ƙasar Suwidin yayin gwajin kauce wa dabba a kan titi, har aka dakatar da sayar da ita na wasu watanni, aka ƙara mata na'urar daidaita tafiya. A 1998 aka ɗaura auren kamfanin da Chrysler na Amurka, auren da ya ci kuɗi da hankalin shugabanni, ya mutu a 2007. A tsakiyar wannan zama, a 2005, kamfanin ya kira motoci miliyan 1.3 domin gyaran lantarki da birki, daga baya kuma ya janye birkin nan mai aiki da kwamfuta daga E-Class. A 2019 masu gabatar da ƙara na Stuttgart suka ci shi tarar Yuro miliyan 870 kan hayaƙin motocin dizal, a 2022 kuma ya sake kiran kusan motoci miliyan ɗaya saboda tsatsa a wani sashen birki.

Akwai abin lura a nan. Kiran mota domin gyara alama ce ta aibi, amma kuma alama ce ta ƙasar da doka take aiki, inda hukuma da 'yan jarida da ƙungiyoyin masu saye suke tilasta wa kamfani ya ɗauki nauyin kuskurensa. Bajamushe yakan sami wasiƙa har gida, ya kai motarsa a gyara kyauta. Wanda ya sayi motar nan bayan shekara goma sha biyar a Kano ko Maraɗi, wa zai aiko masa da wasiƙa?

Sannan motar alfarma ta yau ta tashi daga ƙarfe zalla. Kwamfutoci da dama ne a cikinta suna magana da juna, shakazobanta na iska ne, kujera da madubi da ƙofa kowanne da ƙaramin injinsa. Kowane ƙarin jin daɗi ƙarin wurin lalacewa ne. An ƙera ta da zaton tsabtataccen mai, titi sumul, baƙin mai na musamman, da gareji mai na'urar bincike. Mu kuwa muna karɓarta bayan ta ci ƙuruciyarta, mu haɗa ta da ƙurar hunturu da zafin bazara da ramuka da man bakin titi, in ta tsaya a nufi Ƙofar Ruwa neman kayan gyaran da su ma tsofaffi ne. Wani ɓangaren laifin na maƙera ne, wani na zamani, wani kuma namu.

Stuttgart ta ƙara mini wani darasin. Saboda gurɓatar iska a cikin kwarin nan, tun Janairun 2019 aka hana tsofaffin motocin dizal yawo a birnin. Garin da ya haifi mota ya fara korar 'ya'yansa tsofaffi. Motar da aka kora kuwa ba ƙasa take shigewa ba, kasuwa take nema. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a 2020 cewa Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14 tsakanin 2015 da 2018, Afirka ce kuma ta kwashi kaso mafi girma. Abin da muke kira 'yar Beljiyom ko 'yar Kwatano, mu yi walimar sayenta, sau da yawa abin da wata ƙasa ta gama da shi ne.

Ba ina cewa kada mai hali ya hau abin da ransa yake so ba. Kira nake ga ma'aikacin da zai ci bashi ko ya sayar da filin gado don ya ajiye tauraro a ƙofar gida: ya lissafa kuɗin riƙo kafin kuɗin saye, ya bincika lambar jikin motar ko tana cikin waɗanda aka taɓa kira, ya tambayi kansa ko akwai mai iya gyaranta a garinsu. Ina kira ga kwalejojin fasaharmu su koya wa matasa lantarkin mota da aikin na'urar bincike, domin bakaniken da bai san kwamfuta ba ya kusa rasa abin yi. Hukumominmu kuma su tsaya kan ingancin man da ake sayar mana da shekarun motocin da ake shigowa da su.

Da na fito daga ginin, magariba ta kawo jiki, ma'aikatan Untertürkheim suna tururuwa zuwa tashar jirgin ƙasa. Da yawansu jirgi suka hau, wasu kekuna. Na bi su a baya ina tunanin Bertha Benz da tsinken hularta. Ita ta san motarta ciki da bai, shi ya sa ta isa Pforzheim. Mu kuwa mun gaji sunan, ba mu gaji sanin ba.