Rumfunan Mota Na Titin Zariya: Musaya Ko Sayarwa Da Kanki?

Idan kika biyo titin Zariya da hantsi, daga Na'ibawa kika nufo gadar Dangi, ki rage gudu ki dubi hagu da dama. Tsakanin gidajen mai da shagunan taya za ki ga filaye zagaye da waya ko gajeriyar katanga, motoci jere reras, kowace ta juyo da fuska bakin titi. Yara na bin su da tsumma da bokiti, don wankan mota a Kano ba ya kai yamma, balle da hunturu. Haka abin yake a titin Gidan Zoo, haka a titin Maiduguri har ki wuce Hotoro. Wannan kasuwa ba ta da ƙofa irin ta Kwari ko Kurmi. Miƙewa ta yi a gefen kwalta, rumfa bayan rumfa.

Yau can za mu. Ba sayen mota kaɗai zai kai mu ba, tambaya ce da ke damun duk wadda motarta ta fara gajiya: ta ba da ita musaya ta yi ciko, ko ta nemi mai saye da kanta? Maza masu karatu ma ku biyo mu, bencin ya ishe mu.

Su wa ke zaune a rumfar?

Kafin ki kashe inji an riga an ƙare wa motarki kallo. Za a tarbe ki da "Hajiya barka da zuwa", a karkaɗe miki kujera. Ki zauna, ki gaisa a natse, ki lura da mutanen, domin kashi uku ne. Akwai mai wurin, wanda makullai ke hannunsa kuma da shi ake yanke magana. Akwai dillalai, waɗanda ba su da mota ko ɗaya a filin; jarinsu waya da sanin mutane, abincinsu la'ada. Sai yaran wuri, masu wanki da tayar da inji, waɗanda sau da yawa sun fi kowa sanin wace mota ce ba ta tashi sai an tura.

Motocin ma ba duka na mai wurin ba ne. Wasu ya saya, wasu ya karɓa a musaya, wasu kuwa masu su ne suka kawo ajiya a sayar musu. Ki riƙe wannan na ƙarshen, za mu dawo kansa.

Dalilin da ya sa ake son tsohuwar motarki

A bakin 'yan kasuwa, mota iri biyu ce: wadda aka shigo da ita daga waje ba a hau a ƙasar nan ba, wato 'yar Kwatano ko Beljiyam, da ta hannu, irin taki. Shekaru da yawa 'yar Kwatano ce sarauniyar waɗannan filaye. Daga Turai da Amurka ake sauke su a tashar jirgin ruwan Kwatano, a biyo da su ta tudu. Ranar 1 ga Janairun 2017 dokar hana shigo da motoci ta iyakokin tudu ta fara aiki. A Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, a farkon 2024 kuma dala ta haura naira 1,500. Da yake kuɗin mota a waje da harajin kwastan duk da dala ake lissafa su, 'yar Kwatano ta fi ƙarfin yawancin masu albashi.

Shi ya sa ido ya koma kan ta hannu. Janye tallafin man fetur a Mayun 2023 kuma ya ƙara wa ƙananan motoci marasa shan mai daraja. In Corolla gare ki, ko Civic, ko Vibe, kada ki shiga rumfar da sanyin jiki kamar mai neman alfarma. Kaya kika kawo, kuma ana nema.

Yadda ake duba ta

Mu a asibiti ba ma tsayawa kan abin da marar lafiya ya faɗa, sai mun auna. Su ma haka. Wani zai bi jikin motar yana ƙwanƙwasawa da yatsa, don inda aka taɓa bugewa aka cike aka fente ƙararsa daban take. Wani zai buɗe murfin bakin mai: in ya ga abu kamar madara, ruwa na haɗuwa da man inji. Za a taka totur a dubi salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na nufin inji na cin mai. Za a jona na'ura ta karanto abin da kwamfutar motar ta ɓoye. Sai yaro ya kwanta ya leƙa ƙasa ya ce, "Alhaji, akwai indomi." Ba taliya yake nufi ba. Tukunyar tace hayaƙi ce da ke jikin salansa, mai ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa ake yawan cire ta. In taki na nan, ki sani kuɗi ce.

Kowane aibi da aka ambata, ragi ake nema da shi. Ba cuta ba ce, sana'a ce. Maganinta ki fara kai motar wajen makanikenki kafin ki zo, don kada ki fara jin labarin ciwonta a bakin mai taya ta.

Musaya: ki sa ido kan ciko

Daɗin musaya a fili yake. Kin shigo da mota da safe, kin fita da wata kafin la'asar. Ba baƙon da ya san gidanki, ba ki kwana ko ɗaya a ƙasa ba. Amma mai wurin zai gyara, ya wanke, ya ajiye ta ƙila wata biyu, ya biya dillali, sannan ya ci riba. Duk wannan daga farashin motarki zai fita.

Ga inda ake rikita mutane. A musaya farashi biyu ne a faifai, naki da nasa, kuma ana iya ɗaga ɗaya a ɓoye a cikin ɗayan. Mu yi misali kawai. A ce ya yi wa taki kuɗi miliyan 5, ya ce tasa miliyan 9: cikonki miliyan 4. Na gaba da shi ya faranta miki rai ya ce taki ta kai miliyan 6, amma irin waccan motar a wajensa miliyan 10 da rabi ce: cikonki miliyan 4 da rabi. Wanda ya yabi motarki shi ya fi karɓe miki kuɗi. Don haka ki raba cinikin biyu. Fara taya tasa kamar mai kuɗi a hannu har ya sallama, sannan ki ce, "To Alhaji, ga tawa, nawa ka saya?" Ki yi haka a rumfa uku. In tayin bai yi miki ba, "albarka" ta wadatar, ba a faɗa.

Sayarwa da kanki: riba da wahalarta

Idan kika sa hotonta a WhatsApp ko Facebook ko Jiji, ribar da mai wurin zai ci tana iya zama taki. Wannan gaskiya ne, kuma a motar miliyoyi bambancin na iya biyan kuɗin makarantar yara. Sai dai ki shirya wa waya. Za a kira ki kina tsakiyar aiki, a kira kina barcin bayan kwanan asibiti. Da yawa daga masu kiran dillalai ne da ke neman hoton da za su yaɗa da nasu farashin. Wani zai zo ya zagaya ta sau uku, ya taya rabin kuɗi, ya ce zai dawo.

Akwai kuma abin da ya fi ɓata lokaci muni. Saƙon shigar kuɗi na bogi ba sabon labari ba ne. Kada ki miƙa makulli don kin ga saƙo ko hoton rasit, sai kin buɗe manhajar bankinki kin ga kuɗin zaune, ko ku je banki tare. Kada a ga motar a ƙofar gidanki. Ki zaɓi garejin makanikenki ko wani wuri mai jama'a, da rana, tare da maigida ko ɗan'uwa. Gwajin tuƙi kuwa, kada mai saye ya fita da ita shi kaɗai, ke ma kada ki shiga ke kaɗai. Ainihin takardu su zauna a jakarki har a gama biya, hoto ya ishe shi dubawa.

Sannan ki lissafa kwanakin da za ki yi ba mota. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, Adaidaita Sahu ce abin hawan talaka, kuma duk wadda ta taɓa tashi daga aiki ƙarfe tara na dare ta san yadda tsayuwar bakin titi take. Ga kai yara makaranta, ga shata in an makara. Abu mafi ciwo shi ne kuɗin mota a asusu ba ya zama lafiya: biki zai taso, wani zai zo rance, farashin wadda kike hari kuma yana tafiya bai jira ki ba. In za ki sayar da kanki, ki fara sanin wadda za ki saya.

Hanya ta uku ita ce ajiyar da na ce ki riƙe. Ki bar motar a rumfa, ki faɗi abin da kike so a hannunki, su sayar. Tana tsakiya a riba, tana tsakiya a wahala. Sharaɗinta a rubuta komai: farashi, la'ada, wa zai biya ta, awon tafiyar motar a ranar da kika kawo ta, da cewa ba za a riƙa zirga-zirga da ita ba.

Takarda ta fi fenti

Ko wace hanya kika bi, nan ne wuyan aikin. Lambar da ke jikin motar da sunanki aka yi mata rajista. In ta bar hannunki ba a yi canjin mallaka ba, aka kaɗe mutum da ita aka gudu, ko aka kama ta da kayan laifi, sunanki da adireshinki za a fara gani. Musaya ba ta kuɓutar da ke daga wannan. Mota na iya ratsa hannu uku a rumfuna alhali a takarda taki ce. Ki sa a rubuta yarjejeniyar ciniki da kwanan wata da lokaci, da lambar inji da lambar shasi, da hoton katin shaidar mai karɓa, da sa hannun shaidu biyu. Ki ajiye kwafi, ki bibiyi canjin mallakar a ofishin rajistar motoci har ki ga an yi.

Wadda za ki karɓa ma haka. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da jikin ƙofa. Ki karanta ta ɗaya bayan ɗaya, ki gwada da ta takardun kwastan. A 2019 hukumar kwastan ta rufe wuraren sayar da motoci da dama a ƙasar nan kan zargin motocin fasa-ƙwauri, kuma har gobe motar da ba a biya mata haraji daidai ba ana iya tsare ta a hanya, ko a hannun wa take.

Ke ma akwai naki nauyin. In giya na fizga, ko ruwa ya taɓa cinye ta da damina, ki faɗa. Ɓoye aibi a ciniki haramun ne, kuma mai saye na da haƙƙin dawo da kaya. Ban da haka, mu da muke karɓar waɗanda haɗari ya rutsa da su mun san abin da birki marar kyau ke yi wa iyali guda cikin minti ɗaya.

A ƙarasa Ƙofar Ruwa

Kafin ki yanke shawara, ki ratsa gari ki leƙa kasuwar Ƙofar Ruwa, inda ake sayar da kayan gyaran mota. Can za ki ga injuna jibge a ƙasa, ƙofofi jingine da bango, fitilu rataye kamar kayan lefe, ƙasar wurin ta yi baƙi da mai. Ki tafi da makanikenki ki tambayi kuɗin abin da ke damun motarki. Sau da yawa aibin da aka rage miki kuɗi mai yawa a kansa a rumfa, gyaransa bai kai haka ba. Fitila da ta fashe, madubi, batir, wankin kujeru: waɗannan ki gyara, suna dawo da kuɗinsu. Sauke inji ko sabon fenti kuwa da wuya su dawo da shi, sabon fenti ma zargi yake jawowa. Wani lokacin kuma lissafin zai nuna miki cewa motar ba ta gaji ba, ke ce kika gaji da ita.

To wacce ta dace da ke? In motarki irin wadda ake rububi ce, takardunta cikakku, kina da wanda zai tsaya miki da abin hawa na wucin gadi, ki sayar da kanki, ribar taki ce. In aikinki na karɓa-karɓa ne, yara na jiran a kai su makaranta, ko motar irin wadda ke daɗewa ba a taya ba ce, ki yi musaya ba tare da jin an ci ki ba. Abin da kika bari a rumfar kuɗin lokacinki ne da kwanciyar hankalinki. Ki dai san nawa ne kafin ki ce kin sallama.

Waɗanda suka taɓa bin ɗaya daga cikin hanyoyin nan, a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, ku ba mu labarin yadda ta kaya. Wata na can tana juya makulli a hannu, ba ta yanke ba tukuna.