Filin Jirgin Kano da Kakana

Ya ku 'yan makaranta, ni mutumin Bakura ne, kuma labarin filin jirgin saman Kano a bakin kakana na fara jinsa, tun ban san inda Kano take ba.

Jiragen sama sun fara sauka a Kano cikin 1925, sun taso daga Masar. Amma yaƙin Hitila shi ya ɗaukaka filin. Cikin 1940 Italiya ta shiga yaƙi a bayan Jamus, hanyar Bahar Rum ta zama da hatsari ga Ingilishi. Sai suka yi dabara: su kawo jirage cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a ƙasar da yanzu ake kira Gana, a harhaɗa su can, su tashi su bi ta Ikko, su sauka Kano, su wuce Maiduguri da Fort Lamy da Fashir da Hartum, har Alƙahira. Jirage dubbai suka bi nan, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero.

To, a lokacin ne kakana ya tafi cin rani Kano, ya sami aikin lebura a filin. Ya ce wuni suke yi suna mirgina gangunan mai da ɗaukar tsakuwa a kai. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne matuƙan, yara ne ƙanana, waɗansu ko gemu ba su tsiro ba. Su sha shayi, su hau, su nufi gabas. Bai taɓa ganin ɗayansu sau biyu ba, in ji shi.

Da na girma na duba taswira, sai na ga ashe hanyar nan ita ce wadda alhazanmu na dā ke bi da ƙafa da jaki, su yi shekaru kafin su ga Makka. Kakana ya yi ta burin binta, Allah bai nufa ba.

Ran da na tashi daga filin, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Malam Aminu Kano, na leƙa ta taga ina neman inda ya zuba tsakuwarsa. Kwalta ta rufe ko'ina. Na yi masa Fatiha, jirgi ya juya gabas.