Littafin Kawu da Mai Facin Sabon Gari

Ɗaurin auren wani ɗan'uwa ne ya kai mu Zariya, ni da Kawu da direbansa. Daga Katsina zuwa Funtuwa babu abin faɗi. Muka wuce Giwa da Shika, muka shigo Samaru dab da magariba, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello sun cika bakin titi, kowa na sauri ba mai kallon wani. A Katsina ko yaro ya ga farin gemu sai ya rusuna.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 Kawu ya sayi littafi. Duk lita da aka zuba sai ya rubuta, ya kwafi lambar da mitar motar ta nuna. Kwanan nan lissafin ya daina fita, mai na ƙarewa, kilomita ba ta cika ba. Hanya duka yana yi wa direba habaici, yaron ya yi shiru.

Masaukin da muka samu a Sabon Gari kuwa, Allah ya kiyaye. Fanka ba ta juyawa, sauro ya yi biki, kiɗan maƙwabta bai tsaya ba sai asuba. Furar da aka sayo mana ruwa zalla ce, ba ta kama ƙafar ta gida ba.

Da safe tayar baya ta sace, muka tsaya wurin wani dattijo mai faci kusa da kasuwa. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya aika aka kawo ƙosai da koko, sannan ya dubi tayar ya ce, "Alhaji, wannan ai ba ta motar nan ba ce." Gaskiya ne, Kawu ya sa manyan tayoyi ne saboda ramuka. Dattijon ya buɗe ƙofar direba ya nuna takardar da kamfani ya liƙa: 195/65 R15. A jikin tayar kuwa 205/70 R15. Ya ɗauko igiya ya zagaya ta, ya zagaya safaya, wadda ta asali ce. Bambancin ya haura santimita 10.

"Mita ba ta ganin hanya, Alhaji," in ji shi. "Juyin taya take ƙirgawa." Babbar taya kan ci ƙasa da yawa a juyi guda, don haka idan mita ta rubuta kilomita 100, motar ta yi wajen 105. Wanda ya raba kilomita 300 da lita 30 zai ga 10, alhali 10 da rabi ne. Haka ma allurar gudu, tana kan 100 kana kan 105. Ya ƙara da cewa ba duka ne ruɗin mita ba: tayar ta fi nauyi da faɗi, a cunkoso irin na Kwangila dole motar ta ɗan ƙara shan mai.

Kawu ya daɗe yana kallon littafinsa, sannan ya ce wa direba, "Ɗana, ka yafe ni." Dattijon ya karɓi kuɗin faci, ya ƙi karɓar na ƙosai. Na yarda Zazzagawa sun san baƙo, furarsu ce kawai sai a hankali.

Aka ɗaura aure, muka juyo. Mai mota, kafin ka zargi direbanka da satar mai, duba lambar da ke jikin tayarka.