Yadda na yi asara wajen saya wa wani dattijo na'urar CD

Yau ba maganar waya zan yi ba, duk da ita ce sana'ata.

Watannin baya wani dattijo da nake yi wa gyaran waya, tsohon malamin makaranta, ya shigo shago da leda cike da faifan CD. Ya ce, "Yarona, na'urata ta mutu, ka samo min wata." Na duba, duk kiɗan Turawa ne irin na da, su Beethoven da Ravel, wanda makaɗa sittin ko fiye suke haɗuwa da goge da kakaki da ganguna. Na ce Baba an gama. Na ɗauko masa DVD sabuwa fil, har da wurin saka filas. A raina na yi masa gata.

Kwana biyu ya dawo da ita. Bai yi faɗa ba, cewa ya yi in saka simfoni na biyar na Beethoven in saurara. A kiɗan nan kashi na uku ba ya tsayawa, yana yin ƙasa-ƙasa kamar zai mutu, sai ya taso ya faɗa cikin na huɗu kai tsaye. A faifan kuwa an raba su, lamba 3 da lamba 4. Da DVD ɗin ta zo wurin sai ta ɗan yi tsit, sannan ta ci gaba. Ni wallahi ban ga matsala ba. Shi kuwa ya ce kamar kana tsakar atishawa ne a toshe maka hanci. Mai kaya ya ƙi karɓa, asarar ta hau kaina.

To idan kai ma irin wannan kiɗan za ka ji, ka je kasuwa da faifanka, ka gwada wannan mahaɗar kafin ka biya. Na'urar da aka yi don CD zalla ba ta cika yanke kiɗa a nan ba.

Gwaji na biyu shi ya fi ba ni mamaki. Mu mun saba auna kaya da ƙara da bas. Nan kuma shiru ake aunawa. Baba ya ba ni Boléro na Ravel, kiɗan kamar minti 15. Yana farawa da 'yar ganga da kyar kake jinta, yana hawa a hankali har ƙarshe ya cika ɗaki. Dole ka ƙara murya a farko, kuma a nan ƙaramar na'ura take tona asirinta: za ka ji "shhh" a sifika, ka ji motar tana gurnani. Waƙoƙin da ke wayoyinmu yawanci an matse su ƙararsu ɗaya daga farko har ƙarshe, shi ya sa ba ma lura.

Masu kyau yanzu galibi a gwanjo suke, irin su Sony, Technics, Marantz da Denon. Fara juya bayanta. In ka ga 100V ta Japan ce, 120V ta Amurka, wutarmu kuwa 230 ce. Ka jona ba taransifoma, hayaƙi za ka gani.

Sai ido. CD daga ciki yake karantawa zuwa baki, don haka kar ka tsaya a lamba ta farko, tsallaka ta ƙarshe. In tana tsalle ko ta daɗe tana nema, idon ya gaji ko layin da yake bi ya bushe. Tire da ya ƙi fitowa kuwa kada ya tsorata ka, yawanci 'yar roba ce ta saki.

Daga ƙarshe tsohuwar Sony na samo masa, mai ido KSS-213, don ko ya mutu ana samun canjinsa. Na goge ta, na ce ya riƙa rufe ta da ƙyalle saboda ƙurar hunturu. Ya saka lamba 3, ya rufe ido har ta shige 4, sannan ya zaro kuɗi. DVD ɗin kuma tana nan ƙasan teburina, mai so ya yi magana.