Ashe Indiya Ba Ɗaya Ba Ce

Wata ranar Talata, ina cikin koyar da 'yan aji biyar darasin insha'i, na hangi wani yaro a can kujerar baya ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa alamar dariya ce yake dannewa. Na lallaɓa na tsaya a kansa, sai ga waya a cikin littafin Hausa, yana kallon fim ɗin Indiya irin wanda ake yi wa fassara. Na karɓe wayar, na yi masa faɗa mai yawa, har na ce irin wannan kallo ne ya sa ba su iya rubuta jimla guda mai kai da gindi. Yaron ya dube ni a ladabce ya ce, “Malam, a yi haƙuri. Amma wallahi Hausa ake yi a ciki, ba Indiyanci ba.”

Na hau Keke Napep zuwa gida Kawo maganar tana yi mini yawo a ka, domin kuwa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Duk wanda ya tashi a Unguwar Kanawa, ko Badarawa, ko Unguwar Shanu a shekarun 1980 ya san yadda muke cika tsakar gidan mai akwatin talabijin guda a layi ranar da za a sa Indiya. Mun san Dharmendra da sunan Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin. Ba ma jin ko kalma biyar, amma mun haddace waƙoƙin, muna rera su a hanyar ɗebo ruwa. Ni kaina na sha bulala a hannun Baba saboda na tsallake makarantar dare na tafi gidan bidiyo. To, barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe?

Da daddare na kira babban ɗana na ce ya nuna mini irin abin da suke kallo. Ya yi tsammanin tarko na ɗana masa, sai da na rantse. Ya sa mini wani fim na ɗan sanda mai suna Singam, wanda aka yi a 2010. Tun ba a je ko'ina ba na ga wannan Indiyar ba tamu ta da ba ce. Jarumin, Suriya, wankan tarwaɗa ne mai gashin baki, dattawan ƙauyensu suna ɗaura farin zane kamar yadda kakanninmu suke ɗaura gwado. Rubutun da ke jikin shaguna ma dunƙule-dunƙule ne, ba irin wanda muka saba gani rataye a jikin layi ba. Na ce, “Kai, wannan wace Indiya ce?” Ya ce, “Abba, ai 'yan Kudu ne. Sun fi iya faɗa.”

Washegari na kai maganar wurin wani dattijo, tsohon malami da ya yi ritaya, wanda muke sallah a masallaci ɗaya. Ya yi dariya ya ce a shekarun 1970, lokacin da makarantun sakandaren Arewa suka cika da malamai Indiyawa, wani daga cikinsu ya koya musu lissafi. Wata rana suka same shi da wata waƙar fim suka ce ya fassara musu. Malamin ya ce shi Batamile ne daga Madras, yadda ba su ji waƙar ba haka shi ma bai ji ba. Suka ɗauka rowa ce kawai yake yi musu. Dattijon ya ce sai da ya girma ya gane gaskiya mutumin ya faɗa.

Daga nan na shiga bincike, ga kuma kaɗan daga abin da na tsinto. Tamil harshe ne na mutum sama da miliyan 70, mafi yawansu a jihar Tamil Nadu da ke ƙuryar kudancin Indiya, wasu a Sri Lanka da Malesiya da Singafo. Ba dangin Hindi ba ne ko kusa, kuma rubutaccen adabinsa ya kai shekara dubu biyu. Babban birninsu shi ne Madras, wanda aka mayar Chennai a 1996. A can akwai unguwar Kodambakkam, cibiyar masu shirya fim, kamar dai yadda titin gidan Zoo yake a Kano. Fim ɗinsu na farko mai magana, Kalidas, ya fito a 1931. Abin mamaki, har Keke Napep ɗin da na hau ina wannan tunani ƙirar TVS ce, kamfanin da hedikwatarsa take a Chennai ɗin.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai, wanda kuma ya sa na ga ya dace in kawo maganar gaban 'yan uwana marubuta, shi ne matsayin mai alƙalami a wurin waɗannan mutane. A 1952 aka yi wani fim mai suna Parasakthi. Wanda ya rubuta maganganun cikinsa wani saurayi ne, Karunanidhi, kuma jama'a suka riƙa haddace jawaban kamar yadda muke haddace waƙa. Wannan marubuci ya zama shugaban gwamnatin jiharsu har sau biyar. Ubangidansa Annadurai shi ma marubucin wasan kwaikwayo ne. A 1965, da aka so mayar da Hindi harshen mulki shi kaɗai a Indiya, ɗalibai Tamilawa suka fito suka ce ba su yarda ba, har aka rasa rayuka. Bayan shekara biyu jam'iyyar waɗannan marubuta ta ci zaɓe, Annadurai ya hau mulki. Daga baya ɗan wasa M. G. Ramachandran ya riƙe jihar daga 1977 har rasuwarsa a 1987. Wato a wurinsu fim kayan yaƙin kare harshe ne, marubuci kuwa shi ne maƙerin.

Haka abin yake wajen kiɗa. Akwai wani makaɗi, Ilaiyaraaja, ɗan ƙauye, wanda ya fara da fim ɗin Annakili a 1976. Ya ɗauko kiɗan manoma da gangunan ƙauye ya haɗa su da goge da sarewar Turawa, ya yi wa fim sama da dubu kiɗa. A. R. Rahman, wanda ya fito da Roja a 1992 kuma ya ci lambar Oscar biyu a 2009, ya taɓa kaɗa fiyano a ƙarƙashinsa. Na nemo waƙoƙin Ilaiyaraaja na saurara a ɗaki ni kaɗai. Ban ji kalma guda ba, amma a wata waƙa ganga ta shigo da wani irin taku, sai na ji kamar ina gidan kakata ana lugude. A nan ne na tambayi kaina: ina kalangun Shata, ina kuntigin Ɗan Maraya, ina kotson Ɗanƙwairo a cikin finafinanmu?

Kada mai karatu ya ce na raina namu. A wannan shekara ta 1976 da Annakili ya fito, Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim. A nan Kaduna Samanja Mazan Fama ya riƙe gari shekara da shekaru ba tare da ya ari komai daga Bombay ba. Da Turmin Danya ya buɗe ƙofar bidiyo a Kano a 1990, marubuta ne suka fara shiga, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da littafinsa In Da So Da Ƙauna. Muna da tushe. Sai dai a hankali aka tura marubuci gefe, aka riƙa kwafo labari da rawa daga kaset, alhali zanen aro ba ya rufe katara. Ashe ma waɗanda muke kwafa su ma kwafa suke yi, domin Singam ɗin nan da Ghajini duk daga Tamil aka mayar da su Hindi.

Ban kuma ce duk abin da Tamilawa suke yi abin koyi ba ne. Son da suke yi wa jarumansu ya wuce hankali, har madara suke kwarara wa hoton Rajinikanth, tsohon kwandastan bas ɗin da ya zama gwarzonsu, ranar da sabon fim ɗinsa zai fito. Sara da suka sun yi yawa a finafinan, kuma wannan ne ɓangaren da yaranmu suka fi so. Mu da mukan jira waƙa, su kuwa da waƙa ta zo sai su tsallake ta su nemi wurin faɗa. Wannan ya dame ni a matsayina na uba.

Duk da haka dole in yaba wa masu fassara, irin su Algaita da ke Kano. Sun sa Batamile yana karin magana da habaici da Hausa tsantsa, har yaro ya manta ba ɗan Fagge ba ne yake magana. Sun nuna mana cewa yaran nan suna da ƙishirwar labari da harshensu. Idan mu marubuta ba mu shayar da su ba, wani zai yi.

Ranar Juma'a na mayar wa yaron nan wayarsa, da sharaɗi guda. Na ce ya rubuto mini labarin fim ɗin da yake kallo, amma ya ɗauke shi daga Indiya ya kawo shi Kasuwar Barci, jarumin ya zama tela, ba bindiga, ba tashi sama. Ranar Litinin ya kawo shafi shida, shi da ban taɓa samun rabin shafi daga hannunsa ba. Ƙa'idojin rubutu duk sun karye, jar biro ta sha aiki, amma akwai wata tsohuwa mai sayar da ƙosai a ciki wadda ba ta cikin fim ɗin, kuma ita ce ta fi kowa rai. Na tambaye shi inda ya samo ta. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Kakata ce, Malam.”

Na ajiye takardun a cikin jakata. Idan Allah Ya kai mu taron ƙungiya na wata mai zuwa, da shi zan zo.