Iyakar Faɗin Shafi a Tsofaffin Manhajojin Intanet

Shafin intanet yana bin girman allon da aka buɗe shi. A babban allo, layukan rubutu sukan miƙe har ido ya ɓace wajen dawowa farkon layi na gaba; a ƙarami kuwa, ginshiƙai sukan matse su hau juna. Don haka ƙa'idar tsara shafuka ta CSS2 ta shekarar 1998 ta tanadi min-width da max-width, umarni biyu da ke hana shafi ƙanƙancewa ko buɗewa fiye da kima.

Matsalar ita ce Internet Explorer 6, wanda ya fito a 2001 ya mamaye kwamfutocin duniya, bai san su ba. Firefox da Opera suna bin umarnin, shi kuwa ya wuce kamar ba a rubuta komai ba.

Masu tsara shafuka suka nemi dabaru. Wasu suka saka hoto marar launi mai ƙayyadadden faɗi, wanda ke tokare shafin kada ya tsuke. Wasu suka koma ga expression, ƙirƙirar Microsoft da ke cusa lissafin JavaScript cikin CSS: idan faɗin taga ya zarce adadi kaza, a tsayar da shafin a nan. Dabarar tana aiki, sai dai tana da tsada, domin manhajar tana maimaita lissafin duk lokacin da aka motsa linzamin kwamfuta ko aka gangara shafi, wanda ke nauyaya kwamfuta mai rauni.

Internet Explorer 7 ya karɓi umarnin biyu a 2006, sannan na 8 ya daina aiki da expression a yanayinsa na bin ƙa'ida a 2009.